Wane Gida Zan Ce, Garba?

Zuwa ga Garba,

Bayan sallama irin wadda ake yi wa mutanen kabari, ina roƙon Allah Ya sa ka tarar da sauƙi. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko kana raye ma ba lallai ka karanta ba, don kai ba ka son a tsare ka da tambaya. In an matsa maka sai ka ɗauko wata hira mai daɗi, har mai tambayar ya manta abin da ya kawo shi. Yau kam sai ka bar ni na kai ƙarshen maganata.

Na rubuta Garba a sama saboda da shi na san ka. Mutanen Gana na unguwar Morrisania a nan New York Bukari suke ce maka. 'Yan Nijar na Highbridge Bubakar. Turawan da ka yi wa aiki Bobby. Na sani, duk Abubakar ne, kuma za ka ce ba ka yi wa kowa ƙarya ba. Haka ka saba kuɓucewa.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ranar Asabar dangin Mustafa za su zo ɗakina a Parkchester neman auren 'yarka Safiya. Kai ka naɗa ni waliyyinta a gaban liman, tun kafin kowa ya san ba ka da lafiya. Wanda zai jagorance su kawun yaron ne, Alhaji Tijjani, mutumin cikin birnin Kano, irin tsofaffin nan da in ka ambaci lungu za su gaya maka gidan wa ke da rijiya a cikinsa. Ya aiko ta bakin liman cewa sun yaba da yarinya, abu ɗaya ya rage, a faɗa musu gidan su marigayi a Kano don su sa a je a gaisa. Ni da kai mun san abin da ake nufi da a je a gaisa. Bincike ne. To wane gida zan ce, Garba?

Safiya tana lafiya. Tana nan a aikinta na nas, ta rame kaɗan tun rasuwarka amma ta fara dawowa. Har yanzu in na yi mata Hausa da Turanci take amsawa, sai dai gaisuwa, wannan kam tana durƙusawa ta yi ta yadda ka koya mata. Tana son yaron, shi ma yana son ta, ba sai an gaya maka ba in ka gan su. Dangin mahaifiyarta, Allah Ya jiƙanta, suna can kudancin ƙasar nan, kuma ba wanda zai tambaye su komai, don kowa ya san Ba'amurkiya ka aura. Ta wajenka ake neman asali. Ita kuwa yarinyar ba ta da ko ɗigon shakka. In aka tambaye ta sai ta ce ita Bakanuwa ce, tana faɗa tana ɗaga kai, ita da ba ta taɓa taka Kano ba.

Ni ma haka na ɗauka, shekara arba'in da wani abu.

Ka tuna ɗakinmu na jami'a a Zariya? Ranar da muka haɗu ka ce mini kai ɗan Kano ne, mahaifinka falke ne mai fataucin goro, ya rasu a hanya, gida ya shiga rikicin gado aka sayar. Ka ce a Filato ka yi sakandare, shi ya sa ba wanda ya san ka cikin 'yan Kanon da muka zo tare. Kanancinka ya fi nawa. Da na tambaye ka unguwa ka ce wajen Madabo. Sai yanzu nake lura ba ka taɓa cewa a Madabo ba, kullum wajen Madabo. Sau ɗaya muka bi ta can, ka nuna mini wata katanga da haɓa, ka ce nan ne, ka ja hannuna muka wuce kamar ana bin ka. Ni kuma da nake karatun tarihi, ana koya mini kada in yarda da labari sai na ji ta baki biyu, na ce Allah sarki, abin yana yi masa ciwo.

A ɗakin nan na fara ganin faifan. Ka ce wani Bature malamin Turanci da zai koma gida ne ya bar maka. Ko wannan ma yanzu ban sani ba. A bangon akwai wani siririn mutum tsaye a lungu bayan ruwa ya ɗauke, fitila a samansa, jita a rataye. Ka ɗora shi a garmahon da muke aro, ka zaunar da ni kamar ɗalibi, kana fassara mini waƙa bayan waƙa. Wai wani ne ya zo da saƙo daga taurari cewa kwanan duniya ya kusa ƙarewa, sai ya zama mawaƙi, mutane suka so shi, suka so shi, har son ya hallaka shi. Na ce maka wannan shirme ne. Amma ban tashi ba sai da ka juya ɗaya gefen ya ƙare. Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba: na so faifan nan. Har yau in na ji yadda gangar farko take shigowa a hankali kamar mai tafiya a rairayi, sai na ji warin kananzir na rishon ɗakinmu. Na yi ta kushe shi ne don na ga ya fi kama ka fiye da yadda ni na taɓa kama ka.

Daga baya ka samo mujallu masu hotunan mai faifan. Gashi ja kamar an ƙunsa lalle, kwalli, jambaki, babu gira, riga mai ƙyalli kamar takardar kwalin sigari, takalma masu doguwar dunduniya. 'Yan ɗakin kusa su leƙo su ce mun kunna ɗan daudun namu. Aka yi ta gardama ko ya rera za a ce ko ta rera. Kai ka sa masa suna Hawainiya, sunan ya bi shi a bakinmu har tsufa. Kuma a cikin gardamar nan ka yi wata magana da na ɗauka raha ce. Ka ce akwai Hausar da ba ruwanta da wannan wahala, mace da namiji duk ya ne, an huta. Muka yi dariya. Ban tambaye ka inda ka san ta ba.

Ranar da ka karanta cewa ya tsaya a kan dandamali, daidai lokacin da duniya ke haukacewa a kansa, ya ce mutumin taurarin nan ya gama, ba zai sake fitowa ba, ba ka ci abinci ba don murna. Ka ce wannan shi ne namiji, ya ƙirƙiri mutum, ya ga mutumin zai shanye shi, ya yanka shi a gaban jama'a ya wuce. Ni na ce ai ko makaɗansa wasu ba su san zai yi haka ba sai da suka ji a bakin lasifika, wannan ba jarunta ba ce, rashin amana ce. Ka ce ba zan gane ba. Na gane daga baya, da aka wayi gari ka bar jami'a ana saura kaɗan mu gama, ba sallama, sai labarinka na ji wai kana kaɗa jita a wani kulob a Sabon Gari da wando mai faɗin ƙafa, ana ce maka Bobby.

Tun daga nan nake kallon ku biyu, kai da Hawainiya, kamar mutum da inuwarsa. Ya zo Amurka ya ɗauki kiɗan baƙaƙen fata ya sa a bakinsa, kai ka koma Legas ka zama ɗan Legas, har Yarabanci kana zagi da shi. Ya rame ya zama kamar fatalwa cikin farar riga da falmaran baƙa, ya gudu Jamus ya ɓuya, kai ma ka ɓace, sai ji muka yi an gan ka a Abidjan. Ya dawo da kwat da gashi ruwan ɗorawa yana wa kowa murmushi a talabijin, kai kuma na sauka a New York da takardar ƙarin karatu a hannu na tarar da kai cikin kwat kana tuƙa tasi, kana Turanci ta hanci. Da ya yi aure ya natsu ya yi shiru, ya koma wani magidanci mai hana-sallah da ke yawo a ƙasan Manhattan ba a gane shi, kai ma ka ajiye gemu, ka je Makka, ka zama Alhaji Bukari mai sahun gaba, mai yi wa yara faɗa a kan kiɗa. Ni kaɗai na san akwai jita a ƙarƙashin gadonka. Kwaikwayonsa kake yi, ko dai tun farko ka so shi ne don ka ga ɗan'uwanka?

Mun yi faɗa a kansa ba adadi. Ni na ce ɓarawo ne mai kunne, duk inda ya ji abu mai daɗi sai ya sa hannu, kuma in aka cire rigunan ɗaya bayan ɗaya ba za a tarar da kowa a ciki ba. Ko sunan da duniya ta san shi da shi ba na yanka ba ne. Kai ka ce duk rigar da ya sa, muryar ɗaya ce, mai kunne ya san ta. Na ce murya ba asali ba ce. Ka ce to mene ne asali? Na ce gidan da za a nuna a ce nan aka haife ka. Ka tashi ka zuba mana shayi. Lokacin na ɗauka na kayar da kai.

Ni ban canza ba, ka sani, kuma ga inda rashin canzawa ya kai ni. Digiri biyu, ina zaune a bakin ƙofar wani bene da riga mai tambari ina buɗe wa karnukan masu kuɗi ƙofa. Waɗanda nake gyara wa Turanci a aji sun zama kwamishinoni a gida. Ba ni da mata, ba ni da ɗa. Abu ɗaya na tara a garin nan: ban taɓa aiki da takardun wani ba, ban taɓa amsa sunan da ba nawa ba, kuma in aka yi rigima a masallaci aka ce Malam Habibu ya shaida, magana ta mutu. Kai ka sha yi mini ba'a a kai, ka ce na zo Amurka ina gadin gaskiya kamar yadda nake gadin bene, ba mai biyana.

Da sanyin farkon shekarar nan Hawainiya ya mutu. Ya fitar da sabon faifai, kwana kaɗan sai aka ce ya rasu, ashe ya daɗe yana ciwo ya ɓoye wa duniya, ashe faifan sallama ce. Mutane suka tara furanni a ƙofar benensa. Ka kira ni ka ce mu je mu gani, na ce ni ba yaro ba ne, amma na je. Muka tsaya can gefe, tsofaffi biyu cikin jallabiya da rigar sanyi, matasa suna kallon mu suna mamaki. Ka ce mini ka ga yadda ake tafiya, komai a shirye, ba a bar wa kowa aiki ba. Fuskarka ta faɗa, idonka ya yi rawaya, na ce sanyi ne. A makon nan ne ka ja ni gaban liman ka ce in wani abu ya faru ni ne waliyyin Safiya. Ka riga ka san abin da likita ya gaya maka. Ni ban sani ba sai da ka faɗi a matakalar tashar jirgin ƙasa mai lamba shida.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. Ban gaya wa kowa ba.

A kwanakinka na ƙarshe a asibiti na zo bayan la'asar, Safiya ta sauka sayo abinci. An ba ka maganin rage zafi, kana tsakanin barci da farke. Ka buɗe ido ka kalle ni, ban san ko ka gane ni ba, ka tambaye ni ko Mma ya zo. Na sunkuyo na ce wa? Ka sake, a fili: Mma, ya zo? Sannan ka ce kafarka na ciwo, kafa, ba ƙafa ba, harafin a sake kamar na yaran zango. Garba, wane Bakano ne ke ce wa uwarsa Mma? Wane Bakano ne, ko a magagin mutuwa, zai ce uwarsa ya zo? Wannan Hausar zangon Gana ce, irin wadda muke ji kullum a Morrisania, irin wadda kai da kanka kake kwaikwaya don ka ba ni dariya. Amma ranar ba dariya kake nema ba. Muryar ta yaro ce. Na ce maka tana hanya. Ka rufe ido, ban sake jin wata magana mai ma'ana daga bakinka ba.

Na yi ta juya abin. Na ce wa kaina ka shekara ashirin da wani abu cikin mutanen Gana, harshe yana ɗaukar abin da yake ji. Na ce magani ne. Na ce matar da ke gyara maka shimfiɗa 'yar Gana ce, wataƙila muryarta ce ta shiga barcinka. Har na ce, Allah Ya yafe mini, ko wasanka na ƙarshe ne, ka ga na zo ka ce bari in bar wa Habibu abin da zai yi ta taunawa. Kai za ka iya. Amma na zauna kusa da masu mutuwa ba ɗaya ba a garin nan, kuma na ga yadda Turanci ke fara zubewa, sai Larabcin makaranta ya bi, a ƙarshe abin da ya rage shi ne harshen da aka yi wa mutum rarrashi da shi.

Ranar jana'izarka masallaci bai ɗauke mu ba. Kanawa suka zo a matsayin masu gawa. Mutanen Gana suka zo a matsayin masu gawa. 'Yan Nijar suka rufe tebura suka zo, su ma masu gawa. Kowa yana karɓar gaisuwa, kowa yana mamakin me ya kawo sauran da yawa haka. A hanyar maƙabarta a New Jersey sai da aka yi 'yar ja-in-ja a kan wa zai shiga mota ɗaya da kai. Na tsaya ina kallo, na ce da kana nan da ka ji daɗi, irin taron da kake so ke nan.

Bayan sadakar arba'in na fara bin sawunka. Na je wurin Hajiya Adiza mai abinci, 'yar Gana, wadda ta yi kuka a jana'izarka har aka riƙe ta. Ban fito mata a fili ba, na ce dai ina tattara labarinka don Safiya. Ta ce ka gaya mata a zangon Kumasi aka haife ka. Sai ta ƙara da cewa ita fa ba ta taɓa yarda ba, don yarensu na Tiwi da kake yi ya cika tsabta kamar na mai karanta labarai, kuma duk layin da ta ambata a zangon sai ka ce kun tashi tun kana ƙarami. Ita a ganinta ɗan Nijar ne kai, don in ranka ya ɓaci lahiya kake cewa. Na hau tudun Highbridge wurin Isufu mai shagon waya. Ya ce ka gaya musu mahaifiyarka 'yar Maraɗi ce, sun karɓa don girmamawa, amma kowa a cikinsu ya san Bakano ne kai, wa zai ji bakinka ya yi shakka? Na dawo a bas ina dariya ni kaɗai kamar taɓaɓɓe. Kowa ka ba shi gari, kuma kowa yana zaton na maƙwabcinsa ne na gaskiya.

Na haɗa wani labari a kaina, ban san ko shi ne ba. Falke Bakano ya je Gana sayen goro, ya yi aure a zango, ya haifi ɗa. Aka zo aka kori baƙi daga Gana, aka loda mutane a manyan motoci, yaro ya biyo uban ko ya biyo ayari, uwar ta tsaya. Ya iso ƙasar da aka ce tasa ce, ya buɗe baki aka yi masa dariya. Yaro ne mai kunne, sai ya zauna ya koyi Kananci harafi harafi, har ya fi masu shi. Da shekaru suka juya gwamnatinmu ta tashi korar mutanen Gana, ka zo Kano a lokacin, muna zaune muna ba'ar jakunkunansu, dariyarka ta fi ta kowa ƙarfi. Ba a jima ba ka ɓace. In haka ne, me ka ji ranar? In ba haka ba ne, to me ya kore ka?

Ka fahimce ni. Da na tabbata ɗan Kumasi ne kai, wallahi da na faɗa wa Alhaji Tijjani da bakina ba tare da na sunkuyar da kai ba. Ba abin kunya ba ne. Akwai zango, akwai liman, akwai tsofaffi, a je a gaisa. Abin da ba ya faɗuwa a zauren neman aure shi ne ban sani ba. Alhaji ba mugu ba ne, zai sha ruwa, ya ce za su yi shawara. Kafin sallar isha kalmar nan da ka sani ta zaga sahu, a ce yarinyar ba ta da asali. In kuwa na ce Madabo, kafin mu tashi daga zaman ya kira wani a waya, a bi gida gida, a dawo a ce ba a taɓa jin ka ba. Sai a ce uban maƙaryaci ne, waliyyin ma haka. Ko ta ina Safiya ce za ta biya, ita da laifinta kawai ta yarda da abin da babanta ya gaya mata.

Jiya da hantsi na kira Yaya Binta a Daneji. Ita kaɗai ta rage a gidanmu cikin manya. Na yi ta kewaye-kewaye, na ce wasu za su iya zuwa tambaya a kanka, ina so ta ce ɗan gidanmu ne kai. Sai ta ce in ba ɗan gidan nan ba ne kai to ɗan ina ne? Ta tuna mini duk hutun jami'a a ɗakin zaurenmu ka yi shi. Ta ce Inna ba ta taɓa raba kwanonka da nawa ba, kuma da sallah yadi ɗaya Baba ke yanko mana. Ta ce da Baba ya rasu kai ka shiga kabari tare da ni, kuma har yau tsofaffin layin in sun tuna ka Garban gidan Malam suke cewa, dogon nan mai jita da Malam ya kora soro. Ta ce in ba ni da abin faɗa in bar ɓata kati, su zo, ta san abin da za ta gaya musu. Sai ta fashe da kuka, ta ce a kawo mata yarinyar ta gani kafin ta mutu.

Na ajiye wayar, maimakon in ji sanyi sai wani zargin ya taso mini. Na tuna yadda kake bin layinmu gida gida kana gaisuwa, abin da ni ɗan gidan ban yi. Yadda ba ka ƙi ɗaukar makara, ba ka ƙi zaman suna, kullum kana inda za a gan ka. Dasa kanka kake yi, Garba? Tun a lokacin ka duba ɗakin jami'a ka zaɓi ɗan cikin birni mai gida da katanga, wanda ba ya ƙarya kuma ba ya bincike? Ka ajiye ni duk shekarun nan, kana ba'ar gaskiyata kana kuma kiwon ta, don ka san wata rana za a tambayi gidanku, kuma bakin da za a yarda da shi a Bronx nawa ne? Kai da ka tsaya a gaban furannin mutumin nan kana yaba yadda ya shirya tafiyarsa, wannan ce taka shiryawar?

Ko kuwa yaro ne kawai da ba shi da inda zai je hutu?

Ban sani ba, kuma na gaji. Ga abin da zan yi. Ba zan canza maka uba ba, wannan nauyi ba zan ɗauka ba. In Alhaji ya tambayi sunan mahaifinka zan faɗi wanda ka ba ni, in ce falke ne, ya rasu a hanya, haka ka gaya mini. In ƙarya ce kai za ka amsa a can. In ya tambayi gida zan ce Daneji, gidan Malam, ɗan gidanmu ne, a je a gaisa. Zan yi shiru daga nan, su ɗauki abin da suka ɗauka. Na san shirun nan ba gaskiya ba ce tsantsa, na san abin da nake sayarwa. Maganar Mma kuwa ba zan gaya wa Safiya ba kafin biki, bayan biki ma ban yi alkawari ba. Sai dai tun ranar nake sa matar a addu'a, ko wace ce, ko a wane gari, don wani wuri akwai wadda ta haifi yaro ya tafi bai koma ba.

Kada ka ɗauka don kai zan yi. Ban gama fushi da kai ba, kuma ban ga ranar gamawa ba. Amma yarinyar za ta shiga ɗakinta da gida a bayanta, kuma in ta haihu akwai ƙofar da za a kai jaririn a Kano a buɗe masa.

Allah Ya jiƙanka da sunan da Ya san ka da shi. Ka huta.

Abokinka tun Zariya, ɗan'uwanka daga ranar Asabar,
Habibu